Gandiroba a Ajin Digiri na Biyu

Yayata gandiroba ce. Shekara ashirin da ɗoriya tana aiki a sashen mata na gidan yari, kuma babu wanda ya yi mamaki a gidanmu ranar da ta sa kakin, domin tun muna yara ita ce mai kulle ƙofar gida, ita ce mai ƙirga mu kafin a kwanta. Ita ce babba a wurin Innarmu, ni ce auta. Ina da ɗan shagon buga takardu da yin kwafi a bakin tasha, shi ya sa duk abin da ta rubuta a karatun nan ta hannuna ya bi.

Yaya mace ce da ba ta san "wataƙila" ba. Ka tambaye ta ko za a yi ruwa, sai ta ɗaga kai ta ce e ko a'a, in kuma ba a yi yadda ta ce ba, to hadarin ne ya saɓa. Tana da wani abu guda da take alfahari da shi fiye da igiyoyin da ke kafaɗarta, wato idonta.

"Auta," takan ce da ni, "mace ta shigo ƙofar nan, kafin ta ajiye ƙullin kayanta na san ko ta aikata ko tsautsayi ne ya faɗa mata."

"Ta yaya, Yaya?"

"Wadda ta aikata bango take kallo, tana auna tsayinsa. Wadda ba ta aikata ba fuskokin mutane take bi da ido, tana neman wanda zai ce an yi kuskure."

Ba ta taɓa buɗe wa kowa ƙofa saboda wannan ba, aikinta ba shari'a ba ne. Amma gado mai kyau, da aiki mai sauƙi, da sakin fuska, duk idon ne ke raba su.

Dalilin da ya sa ta koma makaranta tana dab da shekara hamsin, har yau ban san shi daidai ba. Digirin farko ta daɗe da yinsa a ajin yamma. Mijinta, wanda muke kira Injiniya ko da yake gyaran famfo yake yi, ta gaya masa ƙarin girma take nema, domin yaran da ta koya wa riƙe makulli yanzu ita ke sara musu. Ni kuwa ce mini ta yi ta ga sanarwar a manne a bangon ofis, sai kawai ta ji kamar da ita ake. Digiri na biyu ne a fannin nazarin laifuka da hukunci, ana zuwa aji Asabar da Lahadi.

Inna ce ta fara shiga ruɗu.

"Wato lauya za ki zama?"

"A'a, Inna."

"Alƙali?"

"Ba alƙali ba. Za a koya mana mene ne laifi, da abin da ke kawo shi, da yadda ake hukunta shi."

Inna ta dube ta. "Shekara ashirin kina kwana kina tashi da su, sai yanzu za a gaya miki mene ne laifi? To da me kike tsarewa?"

Kafin sati ya zagayo labari ya kai wa dangi cewa Yaya ta fara karatun alƙalanci. Kawunmu ya taso takanas da rikicin iyakar gonarsa, ya zauna a falo ya zayyana mata shi tun daga kakanni. Ta ce masa ba fanninta ba ne. Ya tafi yana cewa tun ba a ba ta kujerar ba ta fara ƙin 'yan uwa.

Ajin yana hawa na sama a wani tsohon gini, da fanka ɗaya da ke rangaji kamar za ta faɗo. Yaya ta riga kowa zuwa, ta zauna a gaba. Ta ce mini abu biyu ta fara yi ba tare da ta sani ba: ta ƙirga kawunan da ke ɗakin, sannan ta lura ƙofar ba ta da sakata. Akwai 'yan sanda a ajin, da lauyoyi matasa, da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da wasu da ba ta san aikinsu ba. Malaminsu wani farfesa ne siriri mai furfura, ɗalibai na kiransa To-sai-me, domin duk amsar da ka ba shi da wannan yake tarbarka.

Yana shigowa ya ce, "Mene ne laifi?"

Yaya ta miƙe tsaye ƙyam. "Abin da doka ta hana."

"To, sai me? Jiya doka ta hana abu, yau ta bari. Wadda ke ɗaure saboda dokar jiya, mai laifi ce ko ba mai laifi ba?"

"Tana ɗaure har sai takarda ta zo."

Aji ya kwashe da dariya. Farfesa bai yi dariya ba, ya ce amsar ta fi yadda suke zato nauyi, ya wuce. Yaya ta zauna ba ta san ko yabonta aka yi ko ba'a ba. Da ta zo shagona da yamma ta ce, "Auta, me na faɗa na ban dariya? Ai gaskiya ce. In takarda ba ta zo ba wa zai buɗe?"

Daga nan takardu suka fara zuwa, kundi kan kundi, ina yi mata kwafi tana ɗauka a jakar leda. Takan zauna a bencin da ke bayan injin kwafi, tabarau a ƙarshen hanci, tana bin layi da yatsa. Wani masani ya ce talauci ne ke kawo laifi. Ta gyaɗa kai, ta ce ta ga haka. Na gaba ya ce ba talauci ba ne, abokai ne. Ta ce wannan ma ta gani. Wani ya ce kowa zai aikata in ya tabbata babu mai ganinsa. Wani kuma ya ce kiran mutum mai laifi shi ke mayar da shi mai laifi, har ya kawo gidan yari a matsayin makarantar da ake ƙwarewa. Nan ta cire tabarau.

"Wannan da ni yake?"

"Ai bai san ki ba, Yaya, ya daɗe da mutuwa."

"To a cikinsu wane ne daidai? Na tambayi Farfesa, ya ce dukkansu, kuma babu ko ɗaya. Auta, wannan magana ce?"

Aikin gida na farko da ta kai ya dawo da jan biro a ƙasa, ana tambayar ina ra'ayinta. Ta rubuta ra'ayinta a na biyu, aka tambaye ta ina hujja. Ta kawo hujja a na uku, aka ce hujjar ta wani ce, ita me ta ƙara? A wurin aiki in ka rubuta rahoto ka sa ra'ayinka a ciki, tuhumarka za a yi. A nan kuma in ba ka sa ba ne ake tuhuma.

Abin ya fara binta har wurin aiki. Wata ƙaramar ma'aikaciya ta gaya mini ta tarar da ita tsaye a bakin ɗaki, makulli a cikin kwaɗo, ba ta murɗa ba, ba ta zare ba, sai da ta taɓa ta. A gida kuwa Injiniya shi ya fi kowa cin riba.

"Auta, karatun nan alheri ne," in ji shi. "Da in na bar tawul a kan gado nan take ake yanke mini hukunci. Yanzu sai an zauna an binciki tarbiyyata da irin abokan da nake bi."

"Ka ci gaba," in ji Yaya. "Akwai masanan da suka ce a koma hukuncin da."

A can bayan ajin akwai wata mata da ba ta cika magana ba, mai tabarau mai kauri, kullum da kwamfuta a cinya. In ta yi magana kuwa kowa sai ya juyo, domin ta karanta abin da aka ba su har da wanda ba a ba su ba. An ce tana aiki da wata ƙungiya mai taimaka wa waɗanda aka sako daga gidan yari. Yaya ta yi makonni tana jin ta san fuskar. Ta ce ko a asibiti ne, ko a banki, ko a makarantar yaranta.

Wata Asabar ana tsakiyar lacca, Yaya ta sunkuya ciro biro, tarin makullanta ya zame daga jaka ya faɗi a kan siminti. Kowa ya ɗan waiga ya ci gaba da rubutu. Matar nan ta baya kuwa zumbur ta miƙe tsaye, hannaye a baya, kwamfuta ta kusa faɗuwa. Suka haɗa ido.

Shekaru da yawa kafin nan an kawo wata matashiyar malamar sakandare sashen mata. An ɗaure ta ne a kan ta buge wani mai keke da mota ta gudu. Ranar da ta shigo, fuskokin ma'aikata ta dinga bi da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana ƙanƙance ido. Yaya ta yanke a ranta cewa yarinyar nan ba ita ke tuƙi ba, wani take rufa wa asiri, ko miji ko ɗan uwa. Saboda haka ta ba ta gadon da ke jikin taga, ta cire ta daga wankin ban ɗaki, ta sa ta koya wa sauran mata karatu. Har ta fita Mai-taga ake kiranta. Ita ce wannan.

Yaya ta zo mini a rikice. "In na gaishe ta na tona mata asiri. In na share ta na wulaƙanta ta. In ta gaishe ni, da wace murya zan amsa? Ta aiki ko ta aji?"

Mai-taga ce ta raba gardamar. Washegari ta tare ta a matakala ta ɗan rusuna.

"Madam, ina kwana."

"Kar ki kira ni Madam a nan."

"To me zan ce?"

A ƙarshe suka tsaya a kan Anti. Ashe ma Mai-taga ba ɓoye tarihinta take yi ba, Farfesa ya sani tun ranar da ta nemi gurbi, rabin ajin ma sun sani. Yaya ce kaɗai ke ta fama da rufe asirin da yake a buɗe.

Da zango na biyu ya zo Farfesa ya shirya muhawara, mutum biyu-biyu. Ya haɗa Yaya da Mai-taga a kan tambayar ko ɗauri na gyara mutum. Ya ba Mai-taga ɓangaren da ke kare gidan yari, ya ba Yaya ɓangaren da ke cewa ba shi da amfani. Yaya ta bi shi ofis ta ce an yi kuskure wajen rabon. Ya ce da gangan ya yi.

A shagona suka zauna shiri wata rana da la'asar, ina gefe ina buga wa wani takardar haya, kunnena na wurinsu. Yaya ta sha wahala kafin ta samo abin da za ta tsaya a kai, amma ta samo, har tana murmushi.

"Ke ce hujjata," ta ce. "Ba zan ambaci sunanki ba. Zan ce na san wadda aka rufe shekaru a kan abin da ba ta yi ba. Gidan da ke rufe marar laifi wa zai gyara?"

Mai-taga ta ɗago. "Anti, wa ya ce ban yi ba?"

"Ai na sani. Wani kika rufa wa asiri."

"Ni kaɗai ce a motar. Na makara ne, ina sauri. Na ji ƙarar, na gan shi a madubi kwance a gefen titi, na taka mai. Sai daga baya na kai kaina wurin 'yan sanda."

Na daina bugawa. Yaya ta ajiye biro a hankali.

"Amma ranar da kika shigo, fuskokinmu kike kallo. Ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye, na gani da idona."

"Tabarauna aka karɓe a ƙofar farko, Anti. In babu shi ko hannuna ba na gani sosai. Ina ƙoƙarin gane wace ce ke magana ne don in amsa mata."

Mai-taga ta dubi Yaya, da alama sai a lokacin ta fahimci abin da ya faru shekarun baya.

"Wato shi ya sa kika ba ni gadon taga?"

Yaya ta gyaɗa kai.

"Da kin san na aikata, za ki ba ni?"

Yaya ta ce e, ta ce a'a, ta ce ya danganta, kalmar da ban taɓa ji a bakinta ba. Bayan Mai-taga ta tafi, Yaya ta daɗe zaune a bencin. Can ta ce, "Auta, masu kallon bangon fa? Wata ƙila tsoron haɗa ido da ni take yi. Wata ƙila kunya ce." Ta fara ambaton wasu mata da laƙabinsu, waɗanda ta tura wankin ban ɗaki wata da watanni. Ban san ko ɗaya a cikinsu ba.

Muhawarar ba ta yi kyau ba. Wani ɗan sanda ɗan ajinsu da ke zuwa yin kwafi shi ya ba ni labari. Yaya ta fara da cewa gidan yari ba ya gyara kowa, ta kawo masana uku, sai ta tuna wata da ta shigo tana shaye-shaye ta fita da sana'ar ɗinki, ta koma kare gidan. Mai-taga ta miƙe ta ce ita ta cancanci ɗaurin da aka yi mata, kuma ta fito ba yadda ta shiga ba. Amma da aka matsa mata sai ta ce ba katangar ce ta sauya ta ba, ajin da aka ba ta ta koyar ne, shi kuma bisa kuskure aka ba ta. Farfesa ya tambaye su ko akwai wadda ta tuna ɓangaren da aka ba ta. Maki tsaka-tsaki suka samu su biyun.

Yaya ta daina zuwa aji. Ta ce kanta ya cika, aikin da take yi da hannu ɗaya yanzu da hannu biyu ma yana gagararta. In an kawo sabuwar fursuna sai ta tura wata ta karɓe ta, ta ce ba ta son ganin inda za ta kalla. Ta kwashe kundayen ta cusa a ƙarƙashin gado. Inna ta ce dama ita ba ta ga abin da ya kai ta ba. Injiniya ne, wanda muke zaton zai fi kowa murna da samun matarsa ran Asabar, ya zaunar da ita.

"Ni in na kwance famfon mutane ban isa in tattara kayana in tafi a tsakiya ba," ya ce. "Gidan zai cika da ruwa. Ke kin kwance kanki, kin zo kin zauna mana a falo kina ɗiga. Ki koma a ɗaure miki."

"In ba su iya ɗaurewa ba fa?"

"To aƙalla a can za ki yi ta zuba, ba a nan ba."

Ta koma.

A shekara ta biyu aka koyar da su wani darasi a kan haɗa mai laifi da wanda aka yi wa laifin, su zauna su yi magana. Yaya ta ce wannan kam a littafi kawai zai yiwu. Mai-taga kuwa ashe ta shiga neman mai keken da ta buge. Da ta gano inda yake ta zo ta roƙi Yaya ta raka ta. Tun ranar hatsarin ba ta sake riƙe sitiyari ba, Yaya kuma ba ta iya mota ba, don haka ni na kai su a tsohuwar motata.

Wani lungu ne a bayan kasuwar kayan gyara, ruwan kwata na bi ta tsakiya. Rumfarsa cike take da fankoki marasa fukafukai da duwatsun guga da wayoyi a rataye. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, gashinsa ya fara fari, ƙafarsa ɗaya a miƙe a kan wani akwati, sandar dogarawa jingine a bayansa. A da, burodi yake rarraba wa shaguna a keke. Bayan hatsarin ya koyi gyaran kayan wuta, aikin da ake yi a zaune.

Muka gaisa. Ya duba hannayenmu yana neman abin da muka kawo gyara. Mai-taga ta durƙusa a bakin rumfar ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ta tsallake komai ba. Yana riƙe da sukudireba har ta gama.

"Ke ce?" ya ce.

"Ni ce."

"Mace?" Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ni fa duk shekarun nan namiji nake zagi. Wani mai tumbi, mai agogon zinare. Har fuska na yi masa."

Ba wanda ya san ko dariya za a yi. Mai-taga ta ce ta san ɗaurin da ta sha ba zai dawo masa da ƙafarsa ba.

"Wane ɗauri?"

"Wanda kotu ta yi mini."

"An kama ki?"

Ashe bai sani ba. Ya daɗe bai san inda kansa yake ba a asibiti. 'Yan sanda sun zo sau ɗaya lokacin ko magana ba ya iyawa. Da aka sallame shi 'yan uwa suka tafi da shi gida can nesa ya yi jinya. Ita kuma ta amsa laifinta tun zaman farko, ba a nemi shaida ba, aka yanke hukunci aka rufe fayil. Babu wanda ya bi shi ya gaya masa. Shi a saninsa mai motar ya sha, yana can yana yawonsa.

Ya nuna Yaya da sukudireban. "Wannan mahaifiyarki ce?"

"A'a," in ji Yaya. "Ni ce na tsare ta."

"Saboda ni?"

"E. Wato, da sunan hukuma."

"To ni ina nake a ciki?"

Na dubi Yaya. Na san akwai masana a cikin kanta da suka yi magana a kan wannan, na buga sunayensu da hannuna. Ba ta ambaci ko ɗaya ba. Ta ce, "Bawan Allah, ni ma yau na fara jin ba ka sani ba."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce wa Mai-taga ta tashi, ƙasan akwai ruwa. Ya ce ta ba shi lokaci, domin ya saba da jin haushin wancan mai tumbin, yanzu sai ya sake shiri, kuma bai san ta inda zai fara ba. Ana haka wata mata ta zo karɓar dutsen gugarta, ya jona mata a wuta ta taɓa ta ji zafi, suka yi ciniki, mu muna tsaye. Muka koma mota, na tambayi inda zan sauke kowa.

Yaya ta riga ta yi nisa a kundin bincikenta a kan koyar da sana'a a gidan yari. A cikin satin ta je ta ce wa Farfesa za ta sauya. Tana so ta bi waɗanda aka yi wa laifi ta ji ko an taɓa gaya musu yadda shari'arsu ta ƙare. Ya ce lokaci ya ƙure, kuma samun mutanen zai yi wuya. Ta ce ta sani. Ya ce me take sa ran ganowa? Ta ce da ta sani ai ba za ta je ba. Ya sa hannu.

Ta sha rana. Duk hutun da ta tara a wurin aiki a kan wannan ya ƙare, daga wannan unguwa zuwa waccan, da ƙaramin rikoda a jaka. Ni ke saurare ina bugawa. Na zaci duk labarin zai zama irin na mai gyaran fanka, ita ma haka ta zata, har ta rubuta ƙarshen kundin a ranta. Sai abin ya ƙi tafiya a layi. Wasu ba a gaya musu ba, kuma sun yi kuka da suka ji. Wasu sun sani sarai, sun ce sanin bai ƙara musu komai ba. Wata tsohuwa da aka fasa wa shago ta ce ta fi samun barci lokacin da ba ta san ɓarawon ɗan maƙwabciyarta ba ne. Wani ya kore ta da tsintsiya ya ce ta zo ta tayar masa da abin da ya binne. Takan zo shago ta zube a benci ta ce, "Auta, goge babin jiya. Na haɗu da wanda ya rushe shi."

'Yan ajinsu suka gama suka bar ta. Mai-taga ta fita da sakamako mafi kyau a shekararsu, ta zo har gida ta nuna wa Inna hoton rigar kammala karatu. Yaya sai da ta ƙara shekara.

Ranar kare kundin na rufe shago na bi ta, na zauna a baranda ina leƙe ta taga. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya yaba da yawan mutanen da ta gana da su, sannan ya ce bai ga matsayinta ba. A gaya musu ko kar a gaya musu?

"Ranka ya daɗe, a tambaye su tukuna ko suna son ji."

"In an tambaye su ai an riga an gaya musu akwai abin ji."

Yaya ta juya maganar. "Haka ne," ta ce. "Ban yi tunanin wannan ba."

Na dafe kai a baranda, na ce shi ke nan an kayar da ita. Malaman suka fitar da ita suka yi shawara, suka kira ta suka ce ta ci, amma da gyare-gyare, ciki har da ƙara shafi a kan tambayar da ta kasa amsawa. Ta rubuta shafin sau huɗu. Wanda aka karɓa a ƙarshe ni da na buga shi ban gane inda ya dosa ba, ita ma ta ce ba ta da tabbas.

Ƙarin girman ya zo, amma tare da na kowa, har da waɗanda ba su taɓa taka jami'a ba. Tana nan a sashen mata, saura mata 'yan shekaru ta yi ritaya. Ita da Mai-taga suna waya kusan kullum, rabin hirar gardama ce.

Kwanakin baya mai gyaran fanka ya aiko Mai-taga da saƙo. Bai yi maganar yafiya ba. Ya ce yana so ya ga ɗakin da aka rufe ta, ya shiga da ƙafarsa ya tsaya a ciki ko na minti ɗaya ne, tunda an ce saboda shi aka yi. Yaya ta kai maganar wurin shugabarta. Shugabar ta duba ta ce babu dokar da ta hana, babu kuma wadda ta yarda, domin shi ba ɗan uwan fursuna ba ne, ba lauya ba ne, ba mai bincike ba ne. Ta tura ta ofishin sama. Ofishin sama suka ce a tambayi kotu. Kotu ta ce ita ta rufe wannan shari'a tuntuni, ba ta da abin cewa.

Yaya ta je rumfar da kanta ta gaya masa inda aka tsaya. Ya ce ba komai, shi ba sauri yake ba, kullum yana nan a zaune. Ran Litinin za ta sake hawa ofishin sama, an ce an kawo sabon shugaba.